Koyarwar gado a addinin Kirista: ma'anarta da batun ingancinta

Kiristocin duniya sun haura biliyan 2, kuma dukkansu sun ɗauki Littafi Mai Tsarki, wato Baibul, a matsayin tushen addininsu. Sai dai sun shafe ɗaruruwan shekaru suna saɓani a kan wata tambaya: shin littafin shi kaɗai ya wadatar, ko kuwa dole ne a haɗa shi da koyarwar da aka gada daga magabata?

Wannan tambaya dai tana cikin manyan abubuwan da suka raba cocin Turai gida biyu a ƙarni na 16. Amsar da kowace ɗariƙa ta bayar ita ce ta tsara yawan littattafan da ke cikin Baibul ɗinta, da irin ikon da ta yarda Paparoma yana da shi, da matsayin Nana Maryamu, da kuma yadda take gudanar da ibada.

Me ake nufi da koyarwar gado?

Kalmar da marubutan Kirista na farko suka yi amfani da ita a harshen Girka ita ce paradosis, a harshen Latin kuma traditio. Ma'anar duka biyun ita ce miƙa abu daga hannu zuwa hannu. Akan fassara ta da "al'ada", amma wannan kalma ba ta ɗauke ma'anar duka ba, domin abin da ake nufi ya haɗa da aƙida da tsarin ibada da hanyar fassara nassi, waɗanda ake cewa almajiran Annabi Isa Alaihissalam, wanda Kiristoci ke kira Yesu Almasihu, sun karɓa daga wajensa suka miƙa wa na bayansu.

Malaman Kirista kan raba abin hawa-hawa. Akwai ainihin saƙon da aka ce ya fito daga manzanni, wato almajiran da Musulmi suka sani da Hawariyawa. Akwai hanyar miƙa saƙon, ta wa'azi da ibada da rubutu. Sannan akwai al'adun kowace coci, kamar irin tufafin limamai da harshen addu'a da ranakun azumi, waɗanda kowa ya yarda suna iya sauyawa. Wani babban taron malaman ɗarikoki da aka yi a birnin Montreal na ƙasar Kanada a shekarar 1963 ya amince da irin wannan rarrabewa. Inda rikicin yake shi ne wane abu ne ya shiga hawa na farko, wane ne kuma na ƙarshe.

Shi kansa Sabon Alkawari ya ambaci kalmar ta fuska biyu. A Linjilar Markus, babi na 7, an ruwaito Annabi Isa yana sukar malaman Yahudawa saboda fifita al'adun dattawansu a kan umarnin Allah. A wasiƙa ta biyu zuwa ga mutanen Tasalonika kuwa, an umarci masu bi da su riƙe koyarwar da aka ba su, ko da baki ko a rubuce. 'Yan Furotesta sukan kafa hujja da nassi na farko, 'yan Katolika da 'yan Otodoks kuma da na biyu.

Kafin a rubuta Linjila

Babu wani rubutu da aka sani Annabi Isa ya bari da hannunsa. Ya yi wa'azi ne da harshen Aramiya a ƙasar Falasɗinu, a wajajen shekara ta 30 Miladiyya, alhali kuwa littattafan Sabon Alkawari da harshen Girka aka rubuta su.

Rubuce-rubuce mafi daɗewa a cikinsu su ne wasiƙun Bulus, waɗanda ya soma aikawa a wajajen shekara ta 50. A wasiƙarsa ta farko zuwa ga mutanen Korinti, Bulus ya bayyana a wurare biyu cewa abin da yake faɗa musu game da jibin ƙarshe da kuma mutuwa da tashin Almasihu karɓa ya yi, shi ma ya miƙa.

Akasarin masana na ganin cewa an rubuta Linjilar Markus a wajajen shekara ta 70, ta Matiyu da ta Luka tsakanin 80 da 90, sannan ta Yohanna a ƙarshen ƙarni na farko. Ke nan an yi kimanin shekaru 40 labarin rayuwar Annabi Isa yana yawo galibi a bakunan mutane. Luka da kansa ya faɗa a farkon littafinsa cewa bin diddigi ya yi na abin da shaidun gani da ido suka miƙo.

Wannan ne ya sa malaman Katolika da na Otodoks ke cewa koyarwar baka ta girmi littafi, kuma daga cikinta littafin ya fito. 'Yan Furotesta ba su musanta wannan tarihi ba. Abin da suke cewa shi ne, da zarar an rubuta saƙon manzanni, to rubutun ya zama ma'aunin da za a auna kowace magana da shi.

A farkon ƙarni na 2, wani bishop mai suna Fafiyas a garin Hiyerafolis, a Turkiyya ta yau, ya rubuta cewa ya fi amfana da jin magana daga bakin waɗanda suka zauna da magabata fiye da karanta littattafai. Daga wajensa ne aka samu labari mafi daɗewa cewa Markus tafintan Bitrus ne, kuma abin da ya tuna daga wa'azin Bitrus ya rubuta. Sai dai littafin Fafiyas ya ɓace, guntayensa kawai suka rage a cikin littattafan wasu, kuma Yusebiyus, masanin tarihin coci na ƙarni na 4 wanda ya adana wasu daga cikinsu, ya bayyana shi a matsayin mutum mai ƙarancin fahimta.

Salsalar bishop-bishop

A ƙarni na 2 ne batun ya yi zafi. Wasu ƙungiyoyi da ake kira 'yan Nostik sun yi iƙirarin cewa akwai wani ilimi na sirri da Annabi Isa ya bai wa wasu zaɓaɓɓun almajirai. An gano tarin littattafai masu irin wannan koyarwa a kusa da garin Nag Hammadi na ƙasar Masar a shekarar 1945, ciki har da wanda ake kira Linjilar Toma, mai ɗauke da maganganu 114 da aka jingina wa Annabi Isa.

Wanda ya fi kowa fice wajen mayar musu da martani shi ne Ireniyus, bishop na birnin Lyon a Faransa ta yau, a wajajen shekara ta 180. Hujjarsa ita ce, da a ce manzanni suna da wani sirri, da sun ba mutanen da suka damƙa wa jagorancin coci-coci. Don haka ya jero sunayen bishop-bishop 12 na birnin Rum, daga Linus zuwa Eleuterus na zamaninsa, yana mai cewa ta wannan salsala koyarwar ta iso a bainar jama'a. Ya kuma ce shi kansa yana yaro ya saurari Folikaf na garin Simirna, wato Izmir ta yau, wanda aka ce ya zauna da Yohanna.

Har yanzu cocin Katolika da na Otodoks da na Anglika suna riƙe da wannan tsari, inda bishop ke naɗa bishop ta hanyar ɗora hannu. Amma masana tarihi da dama na ganin cewa kafin tsakiyar ƙarni na 2 rukunin dattawa ne ke jagorantar Kiristocin Rum, don haka sunayen farko na jerin ba lalle ne su kasance na shugabanni masu iko su kaɗai ba.

Wa ya tantance littattafan?

Babu wani wuri a cikin Sabon Alkawari da aka lissafa littattafan da ya ƙunsa. Sannu a hankali aka kai ga matsaya. A wajajen shekara ta 144 cocin Rum ta kori wani mai suna Markiyon, wanda ya yi watsi da Tsohon Alkawari baki ɗaya, ya riƙe Linjilar Luka da ya rage wa wasu sassa, da wasiƙun Bulus guda 10.

Tun ƙarshen ƙarni na 2 akasarin coci-coci sun amince da Linjiloli 4 da wasiƙun Bulus, amma an daɗe ana jayayya a kan wasu littattafai, kamar wasiƙa zuwa ga Ibraniyawa da wasiƙar Bitrus ta biyu da littafin Wahayi. Jerin farko da aka sani mai ɗauke da littattafai 27 daidai da na yau ya zo ne a wasiƙar da Atanasiyus, bishop na Iskandariyya, ya rubuta a shekara ta 367. Tarukan bishop-bishop a Hippo, cikin Aljeriya ta yau, a 393, da kuma Kartaj, cikin Tunisiya ta yau, a 397, sun bi wannan jeri.

A kan Tsohon Alkawari kuwa har yau ba a daidaita ba. Baibul na Furotesta yana da littattafai 66, na Katolika 73, yayin da cocin Habasha ke lissafa 81. Wannan bambanci yana shafar aƙida. Alal misali, ɗaya daga cikin hujjojin Katolika na yi wa matattu addu'a yana cikin littafin Makabi na biyu, wanda 'yan Furotesta ba su ɗauke shi hurarre ba.

'Yan Katolika kan ce duk wanda ya karɓi jerin littattafan, to ya riga ya karɓi hukuncin coci. 'Yan Furotesta kuma su amsa da cewa coci gane littattafan kawai ta yi, ikonsu daga Allah yake.

Manyan taruka

A shekara ta 325 Sarki Kustantin na daular Rum ya tara bishop-bishop a garin Nikiya, wato Iznik ta yau a Turkiyya, domin warware rikicin da ya taso a kan koyarwar Ariyus, wani limami a Iskandariyya, wanda ya ce Ɗa halitta ne mai mafari. Ɓangarorin biyu duka sun kafa hujja da nassi. A ƙarshe taron ya yi amfani da wata kalmar Girkanci mai nufin cewa Ɗa da Uba zatinsu ɗaya ne, kalmar da babu ita a cikin Baibul. Ita ma kalmar Triniti babu ita a ciki. Kiristoci masu riƙe da wannan aƙida suna cewa ma'anar tana cikin nassi, kalmar dai ce aka samar domin kare ta.

An sake yin taruka a Kustantiniyya a 381, da Afisa a 431, da Kalsidon a 451. Cocin Kibɗawan Masar da na Habasha da na Armeniya da wani sashe na Kiristocin Sham sun ƙi amincewa da matsayar Kalsidon, kuma tun daga nan suka kama tasu hanyar. Kiristocin daular Aksum, inda Sahabbai suka yi hijira a zamanin Najjashi, daga wannan reshe suke.

Baya ga aƙida, akwai ayyukan ibada. Tartuliyan na Kartaj a farkon ƙarni na 3, da Basil na Kaisariya a wajajen 375, sun ambaci abubuwan da Kiristoci ke yi ba tare da rubutaccen umarni ba, kamar yin alamar gicciye. Basil ya ƙara da fuskantar gabas a lokacin addu'a. A shekara ta 434 wani sufin Kirista mai suna Binsent na Lerin ya kafa ma'auni mai sharuɗɗa uku na gane sahihiyar koyarwa: ta kasance ta game ko'ina, ta daɗe tun farko, kuma jama'a sun haɗu a kanta. Wannan yana da kama da abin da malaman Musulunci ke kira ijma'i.

Matsayin manyan ɗarikoki

A shekarar 1517 Martin Luther, limami kuma malamin jami'a a garin Wittenberg na ƙasar Jamus, ya ƙalubalanci sayar da takardun sassauta horon zunubi. A gaban majalisar daula a birnin Worms a 1521, ya ce ba zai janye ba sai an gamsar da shi da nassi ko hujjar hankali, domin paparomomi da taruka sun sha yin kuskure. Daga nan aka samu ƙa'idar Furotesta ta cewa nassi kaɗai ne hukunci na ƙarshe.

Duk da haka Luther bai zubar da gado gaba ɗaya ba. Ya riƙe matsayar Nikiya da yi wa jarirai baftisma. Wasu da suka ɓulla a birnin Zurich a 1525 sun ƙi baftismar jarirai bisa hujjar cewa babu umarninta ƙarara a nassi. A 1529 kuma Luther da Ulrich Zwingli suka gana a Marburg, suka tashi ba su daidaita ba a kan ma'anar gurasa da ruwan inabi na Jibin Ubangiji. 'Yan Katolika kan kawo wannan a matsayin shaidar cewa nassi ba ya fassara kansa.

Martanin Katolika ya zo ne a taron Trent a arewacin Italiya. A ranar 8 ga watan Afrilun 1546 taron ya zartar cewa gaskiyar bishara tana cikin rubutattun littattafai da kuma koyarwar da ba a rubuta ba wadda ta zo daga manzanni, kuma duka biyun girmamawa ɗaya ake yi musu. Babban taron Vatican na biyu ya sake duba batun, kuma a takardar da ya fitar ranar 18 ga watan Nuwamban 1965 ya bayyana cewa nassi da gado tushensu ɗaya ne, sannan Paparoma da bishop-bishop ne ke da alhakin fassara su, a matsayin masu yi wa maganar Allah hidima.

Su kuwa 'yan Otodoks na Girka da Rasha da sauransu suna kallon Baibul a matsayin sashe mafi daraja a cikin gado, tare da manyan taruka 7 da aka yi tsakanin 325 da 787, da rubuce-rubucen magabata da tsarin ibada. Suna zargin cocin Rum da ƙara wata kalma a cikin shaidar bangaskiya ta Nikiya, mai nufin cewa Ruhu Mai Tsarki yana fitowa daga Uba da kuma Ɗa. Wannan na cikin dalilan rabuwar da akan danganta da shekarar 1054.

Inda ruwaya ta ci karo da ruwaya

Masu shakka a kan ingancin koyarwar gado suna da misalai tun daga farkon tarihi. A wajajen shekara ta 190 an yi saɓani a kan ranar bikin Ista. Coci-cocin yankin Afisa suna yin nasu a ranar 14 ga watan Nisan na Yahudawa, ko wace rana ta kama, suna cewa haka Yohanna da Filibus suka yi. Cocin Rum kuwa ta dage a kan ranar Lahadi. Bishop Victor na Rum ya nemi yanke hulɗa da su, sai Ireniyus ya rubuta masa yana ba shi haƙuri.

Shi ma Ireniyus ya ruwaito, daga dattawan da ya ce sun zauna da Yohanna, cewa Annabi Isa ya haura shekaru 40 yana dosar 50 a lokacin da yake koyarwa. Babu wata babbar coci da ta ɗauki wannan ruwaya, duk da gajartar salsalarta.

Akwai kuma takardun jabu. Mafi shahara ita ce wadda aka ce Sarki Kustantin ya rubuta yana mallaka wa Paparoma birnin Rum da yankunan yammacin daular. An yi ɗaruruwan shekaru ana kafa hujja da ita, kafin wani masani ɗan Italiya, Lorenzo Valla, ya nuna a 1440 cewa irin Latin ɗin da ke cikinta ba na ƙarni na 4 ba ne. Masana sun daidaita cewa a ƙarni na 8 aka ƙirƙire ta, kuma cocin Katolika ta daɗe da yarda da haka.

Wasu abubuwan da suka shahara a tsakanin jama'a ma ba a cikin Linjila suke ba. Babu ranar haihuwar Annabi Isa a cikinta, kuma shaida mafi daɗewa ta bikin 25 ga watan Disamba ta fito ne daga Rum a shekara ta 336. Linjilar Matiyu ba ta faɗi adadin masanan da suka zo daga gabas ba, kyaututtukansu ne guda 3. Sunayen iyayen Nana Maryamu kuwa, Yowakim da Hannatu, sun fito ne daga wani littafi na ƙarni na 2 da ba ya cikin Baibul.

Abin da rubuce-rubucen hannu suka nuna

Akwai kwafe sama da 5,000 na Sabon Alkawari ko sassansa a harshen Girka, adadin da ya zarce na kowane littafi na tsohuwar duniyar Girka da Rum. Wani ɗan guntun Linjilar Yohanna da ke ajiye a birnin Manchester na Ingila, wanda galibi ake dangantawa da ƙarni na 2, yana cikin mafi daɗewa. Manyan kundaye biyu, na Sina'i da na Vatican, na ƙarni na 4 ne.

Kwatanta kwafen ya nuna bambance-bambance masu ɗimbin yawa, akasarinsu na rubutun kalma ne ko tuntuɓen alƙalami. Amma akwai masu girma. Ayoyi 12 na ƙarshen Linjilar Markus babu su a kundayen nan biyu. Labarin matar da aka kama da zina, a Linjilar Yohanna, babu shi a kwafe mafi daɗewa. Haka kuma wata jimla a wasiƙar Yohanna ta farko, wadda ta jera Uba da Kalma da Ruhu a wuri guda, babu ita a tsofaffin kwafen Girkanci, kuma fassarorin zamani da yawa sun cire ta ko sun yi bayani a kanta a gindin shafi.

Masu kare nassin suna cewa yawan kwafen ne ya ba da damar gano ƙarin da aka yi, kuma babu wata babbar aƙida da ta dogara a kan aya guda mai shakka. Masu suka kuma suna nuni da cewa kwafen ƙarni na 2 ƙalilan ne kuma guntaye, don haka sanin abin da ya faru a farkon lokacin yana da iyaka.

Ra'ayin masana tarihi

A 1921 masanin nan ɗan Jamus, Rudolf Bultmann, ya wallafa nazarin da ke cewa buƙatun wa'azi da ibada na al'ummomin farko sun sauya siffar labaran kafin a rubuta su. A 1961 Birger Gerhardsson na ƙasar Sweden ya kawo akasin haka, yana mai cewa almajiran sun bi tsarin hadda irin na malaman Yahudawa. A 2006 Richard Bauckham na Birtaniya ya ce shaidun gani da ido suna raye a lokacin da ake rubutun, kuma su ne madogara. Shi kuwa Bart Ehrman na Amurka ya yi amfani da binciken zamani a kan yadda ɗan Adam ke tuna abu, ya ce ko shaidar gani da ido tana jirkicewa da tafiyar lokaci.

Akwai abubuwan da kusan dukkan masana tarihi, masu addini da marasa shi, suka haɗu a kansu: cewa Annabi Isa ya rayu a Falasɗinu, Yahaya ya yi masa baftisma, ya yi wa'azi a yankin Galili, kuma an zartar masa da hukuncin gicciyewa a zamanin gwamna Bilatus. Marubucin Rum Tasitus ya ambaci hukuncin a wajajen shekara ta 116. Musulmi dai sun yi imani, bisa abin da ya zo a Suratun Nisa'i, cewa ba a kashe shi ba kuma ba a gicciye shi ba. Batun mu'ujizoji da tashi daga matattu kuwa, masana da yawa na cewa ma'aunin tarihi ba zai iya tabbatar da su ko ƙaryata su ba.

Sauyi ko bunƙasa?

A 1845 John Henry Newman, limamin Anglika wanda ya koma Katolika a wannan shekarar, ya wallafa littafin da ke cewa aƙida tana bunƙasa kamar yadda iri ke zama bishiya, ba tare da ta sauya asalinta ba. Da wannan fahimta ake kare wasu aƙidu da aka zartar a baya-bayan nan: cewa an ɗauki cikin Nana Maryamu ba tare da zunubin asali ba, a 1854, cewa Paparoma ba ya kuskure idan ya zartar da hukuncin aƙida ga ɗaukacin coci, a 1870, da kuma cewa an ɗauke Nana Maryamu zuwa sama da jikinta, a 1950. 'Yan Furotesta sun ƙi duka ukun saboda rashin nassi bayyananne.

A cikin Katolika ma akwai masu ganin an wuce gona da iri, amma ta wata fuskar. Archbishop Marcel Lefebvre na Faransa ya ƙi sauye-sauyen taron Vatican na biyu, musamman a kan 'yancin addini da tsarin ibada, kuma a 1988 ya naɗa bishop-bishop 4 ba da iznin Paparoma ba, lamarin da ya sa aka ayyana cewa ya fita daga tarayyar coci. A 2018 Paparoma Francis ya gyara littafin koyarwar Katolika ya bayyana hukuncin kisa a matsayin abin da ba za a amince da shi ba, bayan ƙarnoni ana halatta shi. Fadar Vatican ta kira wannan bunƙasa, masu suka kuma suka kira shi sauyi.

Kwatanci da hadisi

Mai karatu Musulmi zai iya tuna dangantakar Alƙur'ani da Sunna, kuma akwai kamanni, domin a duka addinan biyu ana tambayar wa ke da ikon fassara nassi. Sai dai akwai bambanci. Malaman hadisi sun gina ilimin isnadi, inda kowace ruwaya ke ɗauke da jerin maruwaitanta, ana kuma bincikar halin kowannensu. Kiristoci na farko ba su bi wannan hanya ba. Sun dogara ne a kan salsalar shugabanni, da abin da ake karantawa a wajen ibada, da kuma haɗuwar coci-cocin garuruwa daban-daban a kan magana ɗaya.

Masanin addinai ɗan Kanada, Wilfred Cantwell Smith, ya yi nuni da cewa matsayin da Alƙur'ani ke da shi a wajen Musulmi ya fi kusa da matsayin Almasihu kansa a wajen Kiristoci, domin shi suke ɗauka Kalmar Allah. Bisa wannan, Linjiloli 4 sun fi kama da hadisi da sira, tun da rahoton shaidu ne a kan abin da ya faɗa da abin da ya aikata.

Halin da ake ciki

Wannan tsohon saɓani yana nan a tsakanin Kiristocin Najeriya. Cocin Katolika tana bin matsayar Rum, cocin Anglika ta riƙe salsalar bishop-bishop tare da fifita nassi, yayin da coci-coci irin su ECWA da COCIN, waɗanda suka samo asali daga 'yan mishan na Furotesta, da kuma coci-cocin Fentikos, suka tsaya a kan nassi kaɗai. Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa da aka fara bugawa a 1932 ya bi jerin Furotesta ne mai littattafai 66. Waɗannan ɗarikoki suna zama tare a ƙarƙashin ƙungiyar Kiristocin Najeriya, CAN, wadda aka kafa a 1976.

A matakin duniya an samu kusantar juna. A 1965 Paparoma Paul na 6 da shugaban Otodoks na Istanbul, Atenagoras, sun janye tsinuwar da aka yi wa juna a 1054. A 1999 cocin Katolika da tarayyar coci-cocin Luther suka sa hannu a birnin Augsburg na Jamus a kan wata sanarwar haɗin gwiwa game da yadda mutum ke samun kuɓuta a wajen Allah.

A shekarar 2025 aka cika shekaru 1,700 da taron Nikiya, kuma a watan Nuwamban shekarar Paparoma Leo na 14 da shugaban Otodoks Bartholomew sun yi addu'a tare a Iznik. A wannan shekarar Kiristocin gabas da na yamma sun yi Ista rana ɗaya, 20 ga watan Afrilu, saboda lissafin kalandunsu biyu ya dace da juna. A akasarin shekaru kuwa ranakun sukan bambanta.